Lantarki a Tsakiyar Ƙwaƙwalwa: Zai Iya Dawo da Hayyacin Wanda Ya Daɗe a Sume?

A watan Agustan 2007 mujallar kimiyya ta Nature ta buga labarin wani Ba'amurke ɗan shekara 38 wanda ya sa likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin duniya suka gyara zama. 'Yan fashi ne suka tare shi a 1999, suka yi masa dukan kawo wuƙa har suka farfasa masa ƙoƙon kai. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma shekara shida ya yi yana kwance a gidan jinya, idanunsa a rufe kusan duk yini, abincinsa kuma ta bututun roba ake ɗura masa. Jifa-jifa in an yi masa tambaya yakan motsa babban yatsa, daga nan sai ya sake nutsewa, ba a san ranar da zai kuma ba.

Wata tawagar likitoci ce ta ɗauki lamarinsa: Nicholas Schiff na Kwalejin Likitanci ta Weill Cornell a New York, da Joseph Giacino na wata cibiyar farfaɗo da masu rauni a ka a jihar New Jersey, da Ali Rezai, likitan tiyata a asibitin Cleveland Clinic. Suka huda masa kai dama da hagu, suka zura siraran wayoyi biyu har tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, suka jona su da batir da aka binne a ƙirjinsa. Da aka fara sakar masa ɗan lantarki, sai mutumin ya soma tauna abinci yana haɗiyewa da kansa, yana kai kofi baki, yana faɗin sunayen abubuwan da aka nuna masa. Har kalmomi 16 na farkon alƙawarin biyayya ga tutar Amurka, wanda yara ke haddacewa a makaranta, ya karanto.

Jaridu suka yi ta shelar cewa an samo maganin doguwar suma, iyalai masu irin wannan majinyaci a ɗaka suka sa rai. Ga shi yau an doshi shekara 20, babu hukumar lafiya ko ɗaya a Amurka ko Turai da ta amince da wannan tiyata a matsayin maganin gushewar hayyaci. Har yanzu a matakin gwaji take. Kafin a gane dalili, sai an fara gane cewa ba duk wanda ke kwance bai magana ne yake cikin hali ɗaya ba.

Suma suna ta tara

Duk wanda ya bugu a ka ya daina magana, a bakin jama'a cewa ake yi ya yi doguwar suma. A wurin likitoci kuwa hawa-hawa ne. Doguwar suma ta ainihi ita ce wadda mutum ke kwance idanu a rufe, ko an tsunkule shi ba ya farkawa, kuma ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Bayan haka ko dai rai ya yi halinsa, ko mutum ya dawo hayyacinsa, ko kuma ya shiga wani hali na tsaka-tsaki mai rikita dangi.

A wannan hali majinyaci yana buɗe ido da rana ya rufe da dare. Yana numfashi da kansa, zuciyarsa na bugawa ba da taimakon inji ba. Yana iya hamma, ya yi nishi, ya yamutsa fuska, wani lokaci har hawaye su zubo. Amma babu wata alamar ya san kansa ko ya san wanda ke tsaye a kansa. Bryan Jennett, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Glasgow, da Fred Plum na New York ne suka fayyace wannan hali a mujallar Lancet a 1972. A nan za mu kira shi suman ido buɗe. Ya sha bamban da mutuwar ƙwaƙwalwa, inda hatta numfashi inji ne ke yi wa mutum, kuma babu dawowa.

A 2002 aka ware wani mataki na daban, na waɗanda ke da ragowar hayyaci. Su waɗannan sukan bi abu da ido, ko su miƙa hannu ga abin da aka nuna musu, ko su bi ɗan umarni yau, gobe su kasa. Mutumin da mujallar Nature ta ba da labarinsa a wannan rukuni yake, ba a rukunin suman ido buɗe ba. Wannan bambanci, da kanun jaridu suka tsallake, shi ne ƙashin bayan zancen gaba ɗaya.

Yadda ake dashen

Tiyatar da ake magana a kanta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da DBS, ba don masu suma aka ƙirƙiro ta ba. Alim-Louis Benabid, likitan tiyata a birnin Grenoble na Faransa, shi ya kafa tsarinta na zamani a 1987 bayan ya lura cewa lantarki mai saurin bugawa a wani gurbi na ƙwaƙwalwa yana tsayar da karkarwar hannu nan take. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don karkarwa a 1997, don cutar Parkinson a 2002, don farfaɗiyar da ta gagari magani a 2018. Mutanen da aka yi wa dashen a duniya sun haura 150,000.

Da farko ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, a auna gurbin da ake nema da kwamfuta. A ɗaure kan majinyaci da wani firam na ƙarfe don kada ya gusa. Sai a yi huda a ƙoƙon kai wadda faɗinta bai kai santimita biyu ba, a zura waya mai kaurin milimita ɗaya da 'yan kai, mai ƙananan zobba na ƙarfe a bakinta, har ta isa inda aka auna. Ɗaya bakin wayar a bi da shi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ya gangara wuya, ya haɗu da batir da aka binne ƙasa da ƙashin kafaɗa. Daga waje likita ke saita ƙarfin wutar da yawan bugunta, ya kunna ko ya kashe, ba tare da ya sake yanka fata ba.

Ba aiki ne marar haɗari ba. Cikin kowane mutum 100, ɗaya ko biyu kan gamu da zubar jini a ƙwaƙwalwa, wasu kuma wurin dashen ya kamu da ƙwayoyin cuta har sai an cire na'urar.

Me ya sa talamus

Gurbin da ake nufa a masu gushewar hayyaci shi ne talamus, wasu curin nama guda biyu, dama da hagu, kowanne bai fi ƙwan tantabara girma ba sosai, zaune a can tsakiyar kai. Kusan duk saƙon gani da ji da taɓawa ta nan yake bi kafin ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani da magana da niyya suke. Sashen tsakiyar talamus kuwa yana da jijiyoyi da suka bazu zuwa gaban ƙwaƙwalwa, kuma su ke riƙe mutum a farke da hankalinsa a kan abu.

Tun a 1949 Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun suka nuna a Chicago cewa in aka saka lantarki a gindin ƙwaƙwalwar kyanwar da aka sa barci, igiyoyin ƙwaƙwalwarta kan koma irin na wadda ke farke. A 2020 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka zaburar da tsakiyar talamus na birai da aka yi wa allurar barci, birai suka buɗe ido suka fara motsa gaɓoɓi, da aka kashe wutar suka koma barcinsu.

Bayanin da Schiff ya kawo shi ne, mummunan rauni a ka yana kashe ƙwayoyin jijiya a wurare da dama, saƙon da ke isa talamus ya ragu, wani sashe da aikinsa danne talamus ya samu sarari ya danne shi fiye da ƙima. Sai gaban ƙwaƙwalwa ya yi sanyi, ko da akwai sassansa da yawa da ba su mutu ba. Abin ya yi kama da unguwar da taransifomarta ta yi rauni. In wayoyin da suka shiga gidaje suna nan lafiya, ana gyara ta kowa zai ga wuta. In kuwa gobara ta cinye wayoyin da gidajen, ko sabuwa fil aka kawo duhu ba zai yaye ba.

A nan matsalar masu suman ido buɗe take. Binciken gawa da Jennett da abokan aikinsa suka buga a 2000, kan mutum 49 da suka rasu a wannan hali, ya nuna talamus ɗin kansa ya lalace a kashi 80 cikin 100 na waɗanda rauni ya jawo musu, kuma ya lalace a dukkan waɗanda nasu ba na rauni ba ne, kamar waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta rasa iska bayan tsayawar zuciya. Shi kuwa Ba'amurken nan, hoton da aka ɗauka kafin tiyata ya nuna hanyoyin fahimtar magana a ƙwaƙwalwarsa suna nan suna amsawa.

Gwaje-gwajen farko

An daɗe ana gwada sa'a. A 1969 Rolf Hassler na Jamus ya saka wa wani saurayi da ya daɗe a sume waya a talamus. Majinyacin ya nuna alamun farkawa, amma bai dawo hayyacinsa ba. A shekarun 1980 aka faɗaɗa gwajin a Jafan da Faransa da Amurka. François Cohadon na Bordeaux ya ba da rahoton mutum 25 a 1993, inda ya ce 13 sun ɗan samu ci gaba, duk da cewa dukkansu sun ci gaba da zama cikin naƙasa mai tsanani.

Cikin waɗanda aka yi wa dashen a wancan zamani har da Terri Schiavo, matar jihar Florida da zuciyarta ta tsaya a watan Fabrairun 1990, wadda shari'ar cire mata bututun abinci ta raba kan Amurkawa shekaru bayan haka. A ƙarshen 1990 mijinta ya kai ta California aka saka mata wayar a talamus. Ba ta amfana da komai ba. Da ta rasu a ranar 31 ga Maris 2005, binciken gawa ya nuna nauyin ƙwaƙwalwarta giram 615 ne, kusan rabin na mace mai shekarunta.

Aikin da ya fi jan hankali shi ne na Jami'ar Nihon a Tokyo, wanda Takashi Tsubokawa ya fara, Takamitsu Yamamoto ya ɗora. Sun bayyana cewa da zarar an kunna wutar, majinyaci kan ware idanu, ƙwayar idon ta buɗe, ya wangale baki ya yi wani sauti marar ma'ana, hawan jininsa ya ɗan tashi. Dangin da ke tsaye a wurin dole zuciyarsu ta buga. Sai dai wannan farkawar jiki ce kawai, kuma farkawa daman ba ita ce ta ɓace wa mai suman ido buɗe ba. A rahotonsu na 2010 sun ce cikin majinyata 107 an yi wa 21 dashe, takwas daga ciki suka kai ga bin umarnin da aka ba su da baki, alhali babu ko ɗaya da ya farfaɗo cikin waɗanda ba a yi wa ba. Duk takwas ɗin suna cikin waɗanda gwajin igiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna tun farko cewa hanyoyinsu ba su yanke gaba ɗaya ba.

Masu suka sun kawo hujjoji uku. Ba ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen wanda za a yi wa tiyata ba. Likitocin da suka yi aikin su ne suka auna sakamakonsa. Mafi girma kuma, an yi dashen ne wata huɗu zuwa takwas bayan rauni, lokacin da ƙwaƙwalwa ke kan gyara kanta. Wani kwamitin ƙungiyoyin likitoci a Amurka ya nuna a 1994 cewa cikin manyan da ke suman ido buɗe wata guda bayan rauni a ka, kashi 52 cikin 100 kan dawo hayyacinsu kafin shekara ba tare da wata tiyata ba, masu rashin iska ko bugun jini kuwa kashi 15. To wa zai rantse cewa na'urar ce ta yi aiki, ba faɗuwa ce ta zo daidai da zama ba?

Gwajin kunna da kashe

Wannan tambaya ce tawagar Schiff ta yi ƙoƙarin toshe wa kafa. Sun zaɓi mutumin da ya shekara shida bai gusa ba, don kada a ce lokaci ne ya yi aikinsa. Bayan tiyata da watannin saita na'ura, sai suka shafe wata shida suna kunna ta kwana 30, su kashe kwana 30, kuma masu auna majinyacin ba su san wane wata ake ciki ba. Alƙaluma suka nuna ya fi zama a farke, ya fi sarrafa hannu, ya fi cin abinci ta baki a watannin da wutar ke kunne. Wani ɓangare na ci gaban ma bai gushe ba ko da an kashe. Amma bai tashi ya yi tafiya ba, bai koma aiki ba, kuma mutum ɗaya ne. An tsara gwajin kan mutum 12, bai kai ga cika adadin ba.

Abin da ya biyo baya bai canza hoton ba. A Italiya, tawagar Lorenzo Magrassi ta tantance mutum 40, uku kacal aka yi wa dashe. Rahotonsu na 2016 ya ce makinsu a ma'aunin gwaji ya ɗan tashi, ƙagewar gaɓoɓi ta ragu, amma babu wanda ya dawo yana hulɗa da mutane. A birnin Zagreb na Kuroshiya, Darko Chudy ya yi wa mutum 14 dashe. Uku cikin huɗun da ke da ragowar hayyaci sun farfaɗo, amma cikin goman da ke suman ido buɗe ɗaya ne kawai ya nuna ci gaba. Wani nazari na 2017 da ya tattara duk abin da aka buga tun farko ya ƙirga majinyata 78 ne kawai a kusan rabin ƙarni, ya kuma ce babu gamsasshiyar hujja cewa tiyatar na dawo da hayyacin masu suman ido buɗe.

Shi kansa Schiff ya karkata akalar bincikensa zuwa waɗanda suka fi sauƙi. A 2023 shi da Jaimie Henderson na Jami'ar Stanford suka buga sakamakon mutum biyar da suka yi rauni a ka shekaru 3 zuwa 18 da suka wuce, suna tafiya suna magana, amma tattara hankali ya gagare su. Bayan kwana 90 ana kunna musu na'urar awa 12 a rana, saurinsu a wani gwajin tunani ya ƙaru da kashi 15 zuwa 52 cikin 100. Darasin iri ɗaya ne: gwargwadon abin da ya rage a ƙwaƙwalwa, gwargwadon abin da lantarki zai iya tasowa da shi.

Wa ke ciki, wa ba ya ciki

In haka ne, babban aikin ba na wuƙa ba ne, na tantancewa ne, kuma a nan ake yawan kuskure. A 1996 Keith Andrews ya sake duba majinyata 40 da aka kawo wani asibitin Landan da takardar cewa suna suman ido buɗe, ya tarar 17 suna da hayyaci. Da yawansu makafi ne ko masu raunin gani, shi ya sa ba sa bin abu da ido. A 2009 wani bincike a Beljiyam ya sake samun kusan haka, 18 cikin 44.

A 2006 Adrian Owen a Cambridge ya saka wata mata 'yar shekara 23, wadda aka yanke cewa ba ta san komai ba bayan haɗarin mota, cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce ta raya a ranta tana buga wasan tanis, sai sashen da ke tsara motsi ya haska. Ya ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta, wani sashe daban ya haska, daidai da yadda ake gani a masu lafiya. A 2024 wani babban bincike na cibiyoyi shida a Amurka da Turai ya gwada mutum 241 da ba sa bin umarni a zahiri, ya samu 60, wato ɗaya cikin huɗu, ƙwaƙwalwarsu na bin umarnin a ɓoye. Mai yiwuwa wasu daga waɗanda aka ce lantarki ya farkar a shekarun baya daman irin waɗannan ne.

Nauyin da ke kan dangi

Mai cutar Parkinson shi ke sa hannu da kansa kafin a huda masa kai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa uwa ce, ko mata, ko ɗa zai yanke masa, kuma wanda ya shekara yana jinya duk abin da aka ce zai taimaka zai ce a yi. Akwai kuma tambayar da likitoci da yawa ke jin nauyinta: in tiyatar ta ƙara wa mutum hayyaci daidai yadda zai gane halin da yake ciki, ya ji zafin jikinsa, amma bai samu bakin faɗa ba, an taimake shi ne ko an ƙara masa wahala?

Joseph Fins, masanin ɗa'ar aikin likita da ya yi aiki da tawagar 2007, yana kallon abin ta ɗaya gefen. A ganinsa babban zalunci shi ne yadda ake sallamar irin waɗannan majinyata zuwa gidajen jinya a manta da su, babu mai sake gwada su, babu mai ba su maganin ciwo, alhali wasunsu suna ji. Ana yawan kawo misalin Terry Wallis na jihar Arkansas, wanda ya yi haɗarin mota a 1984, aka ɗauka ba ya ciki, sai ga shi ya yi magana a 2003 bayan shekara 19, ba tare da an saka masa wata waya ba. A 2018 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta daina kiran wannan hali na dindindin, ta kuma ba da shawarar a riƙa maimaita gwaji kafin a yanke hukunci.

Abin da ke hannu yanzu

Maganin da ya fi samun hujja zuwa yau ba tiyata ba ne, tsohuwar ƙwaya ce mai suna amantadin. Gwajin 2012 kan majinyata 184 ya nuna tana hanzarta farfaɗowa in an ba da ita mako 4 zuwa 16 bayan rauni a ka. Ƙwayar barci ta zolpidem, wadda aka fara lura da abin mamakinta a Afirka ta Kudu a 1999, takan farkar da kusan mutum biyar cikin 100 na 'yan sa'o'i. Duka biyun sai da umarnin likita. Ana kuma gwada hanyoyin da ba sai an huda kai ba, kamar harba igiyoyin sauti zuwa talamus.

Irin raunin da ake magana a kansa ba baƙo ba ne a garuruwanmu, inda ake hawa babur ba hular kwano. Iyalin da ke da irin wannan majinyaci, kafin su sayar da gida ko gona don wata tiyata a ƙasar waje da aka yi musu alƙawarin za ta tashe shi, ya kamata su tambaya: a wane rukuni yake, wa ya gwada shi, sau nawa, kuma tiyatar tana cikin gwajin da hukuma ke sa wa ido ne? Cikin kayan da ƙwararru ke tantancewa da su har da madubi, wanda ake riƙewa gaban fuskar majinyaci a gusa da shi dama da hagu a ga ko ido zai bi. Ana maimaita gwajin a ranaku daban-daban da lokuta daban-daban, domin wanda bai amsa da safe ba yana iya amsawa da yamma. Sannan a riƙa juya shi don gudun gyambon kwanciya, a motsa masa gaɓoɓi kada su ƙage, a kula da ƙirjinsa da abincinsa, domin yawancin masu wannan hali ciwon huhu da ƙwayoyin cuta ne ke ajalinsu tun kafin ƙwaƙwalwa ta nuna iyakar abin da za ta iya gyarawa.